Kujerar Mu-Manya a Taron Haraji

Duk layin da Allah ya nufa da alheri sai ya ba shi mutum irin Mu-Manya, mu kuwa an nufe mu. Dillalin gidaje ne, amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gabansa. A bakinsa shi "mai harkar kadarori" ne. Sunan ma daga bakin nasa aka tsinto shi, don ko ruwa aka miƙa masa sai ya ce, "Mu manya ba ma shan mai sanyi sosai."

Mutum ne mai kwarjini, musamman daga nesa. Yana da kwat mai kafaɗu kamar an sa mata katako, da tarin makullai a ƙugu masu sanar da zuwansa tun bai karyo kwana ba. Makullan gidajen mutane ne da aka ba shi ya nemo 'yan haya. Duk gidan da ya shigo hannunsa sai ya hau baranda a ɗauke shi hoto, hannu a aljihu, ido a nesa. Nasa gidan, ɗaki biyu a bayan shagon mai faci, tawali'u ya hana shi ɗaukarsa.

Ana nan sai hukumar haraji ta fito da wata shawara: a yafe wa masu ƙaramin samu, a ƙara wa masu babba. Layinmu ya ɗauki murna, Mu-Manya ya ɗauki makoki. Tun daga shagon aski har tashar mota yake yawo yana sauke ajiyar zuciya, yana tsayawa inda mutane suka fi yawa.

"An gama da mu," in ji shi, yana zaune a kujerar jira a shagon aski, ko da yake ba aski ya kawo shi ba. "Ku ba za ku gane ba. Dukiya kamar tankin ruwa take. A sama ake ajiye ta, daga can take gangarowa famfonku. Kuka huda tankinmu, ƙishi zai kashe ku."

Mai aski ya ce shi dai famfon gidansu ya daɗe yana fitar da iska. Mu-Manya bai ji ba, yana gyara kafaɗar kwat a madubi.

Gaskiyar magana, ba harajin yake tsoro ba. Tsoronsa kada harajin ya zo ya wuce shi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gina suna, a wayi gari hukuma ta yafe masa tare da mai faci da mai wanki? Gara a yanke masa hannu. Ko a gida bai sassauta ba. Ya tara iyali ya sanar cewa tunda gwamnati ta sa wa manya ido, dole a rage facaka. Matarsa ta leƙa tukunya, ta ɗago ta dube shi, ta ce, "Baban yara, wanne za a rage, ruwan ko gishirin?"

Sai hukuma ta kira taron jin ra'ayin jama'a a babban zaure. Aka raba wurin biyu: dama kujerun kushin na waɗanda ƙarin zai shafa, hagu kujerun roba na waɗanda za a yafe wa. Mu-Manya ya sa aka goge kwat har tana ɗaukar ido. Ya zo a makare, kamar yadda ya kamaci babba, yana ta saƙa yadda zai zauna tsakanin mai tireloli da mai gidajen mai, gwiwa na gugar gwiwa.

Ya shiga ya tarar da ɓangaren dama wayam, ko ƙuda babu. Ya waiwaya hagu, ga attajiran can. Mai tireloli sanye da silifa wari da wari, ya ɓoye motarsa a bayan makaranta ya ƙaraso a ƙafa yana haki. Mai gidajen mai ya aro wata koɗaɗɗiyar riga wadda ta kasa rufa wa tumbinsa asiri. Mai siminti kuwa yana gaya wa duk wanda ke kusa cewa shi ɗan aike ne kawai, komai na kakarsa ne.

Wani zai tsaya ya yi tunani, amma ban da Mu-Manya. Daɗi ya kama shi har makullansa na rawa. Ya zaɓi kujerar tsakiya a layin gaba, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ya shimfiɗa hannuwa a kan kujerun gefe. Da shugabar taro ta nemi jin ta bakin masu hali, ya miƙe a hankali, ya karɓi makirfo da yatsu biyu.

"Ranki ya daɗe, mu manya mun gaji. Talaka yana barci lafiya lau, ba ya tunanin ɓarawo, ba ya tunanin mai gadi. Mu ne ba ma runtsawa. In akwai adalci, talaka ne ya kamata ya biya harajin kwanciyar hankali. Amma ba komai. A ƙara mana! Mu manya ba ma gudun nauyi, kuka kawai muke yi don a san da mu."

Mai tireloli ya yi wuf ya miƙe. "Mu talakawa mun goyi baya! A ƙara masa! A matse shi sosai!" Mai siminti ya share hawaye. Talakawan gaske ma suka ɗauki tafi. Tunda nake ban taɓa ganin mai shi da marar shi sun haɗa baki haka ba. Mu-Manya ya rusuna, ya dafa ƙirji.

Shugaba ta ce, "To madalla, yallaɓai. Tunda kai kaɗai ne, aikin ya zo da sauƙi. Gobe jami'anmu za su zo gida su ƙiyasta dukiyar."

A nan ne matarsa ta miƙe daga can baya, inda take zaune tare da matan layi. "Ranki ya daɗe, mijina ne. Su zo, ina maraba da su. Alfarma ɗaya nake roƙo: in sun gano inda dukiyar take, don Allah su nuna mini. Tun da na shigo gidan nake nemanta, har ƙarƙashin katifa na ɗaga."

Zaure ya kece da dariya. Ni kaina, da nake jin haushinsa kullum, sai da tausayinsa ya ɗan taɓa ni. Shugaba, mace mai kirki, ta jira dariya ta lafa, sannan ta sanar ta makirfo, da murya mai taushi wadda har masu sayar da ruwa a waje suka ji, cewa hukuma ta yafe wa wannan bawan Allah, kuma tana ba shi haƙuri. Ta ce a taimaka masa ya koma ɓangarensa.

Mai tsaron ƙofa ya riƙo shi ta gwiwar hannu, suka tsallaka hagu. Suka bi layi-layi suna neman inda zai zauna. Mai gidajen mai ya kau da kai, mai siminti ya ƙara baje ƙafafu, mai tireloli ya ce a yi haƙuri, wanda ya riga zuwa shi ke da wuri. Attajirai sun cinye kujerun talakawa kaf. A tsaye Mu-Manya ya ƙarasa taron, jikin bango, kusa da kwandon shara.