Ranar da Rumbuna Ya Tafi Biki a Muchalla

Ko na manta da komai na zamana a Mubi, ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi rawa da rana tsaka don ceton aikina ba.

A lokacin ina kula da kwamfutoci a wata ƙaramar cibiya ta Madam Rifkatu, 'yar Michika, mace mai haƙuri da mu. Burinta ɗaya ne: a amince da cibiyar a matsayin wurin jarrabawa, yaran Betso da Muchalla su huta da tafiya Yola. Muna da manyan kwamfutoci da ke riƙe da sauran, waɗanda muke kira saba, kuma kullum sai an sauke musu manhaja daga intanet. Intanet ɗinmu kuwa, ko hadari ya gani sai ya ɗauke.

Sai na yi dabara. Na tara duk manhajojin da muke buƙata wuri ɗaya, na gwada su, na umarci sabobin su riƙa ɗauka daga nan. A sauke sau ɗaya, kowace ta samu iri ɗaya, ba a jiran kowa. Na sa masa suna rumbu. Aiki ne mai kyau, har gobe ina alfahari da shi. Sai dai bakina ya ƙi rufuwa (har mai shayin ƙofar cibiya ya san labarin rumbu, da ƙyar yake samun damar zuba mini madara). Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, a tsohuwar laftof ɗina na gina shi, da niyyar zan mayar da shi wuri mai kyau "gobe".

Ranar da masu duba cibiyoyi suka zo daga Yola, intanet ya ɗauke tun safe. Madam ta tsorata, ni kuwa har daɗi na ji. Shugabansu, wani dattijo mai tabarau, ya ce a ɗora wa sabobin abin da jarrabawa ke buƙata a gabansa. Na gyara hula, na yi musu lacca a kan manomin da ba ya zuwa kasuwa da damina saboda rumbunsa cike yake, sannan na buga umarni, majigi na nuna komai a bango.

Saba ta ce ba ta ga rumbu ba. Na sake bugawa, ta sake faɗa. A nan ne na tuna jiya da yamma na ara wa mai saka kiɗa laftof ɗin, saboda bikin 'yar Goggo Dudu, ƙanwar babana.

Madam ta dube ni a hankali ta ce, "Injiniya, rumbun yana ina?"

Na ce, "Madam, ya je biki."

Ta zaunar da baƙi da lemo, ni kuma na haye acaba sai Muchalla. Na tarar fili ya cika, mata sun yi da'ira. Na nufi laftof ɗin zan zare wayar kiɗa, Goggo ta riƙe mini hannu.

"Waƙa bai ƙare ba. Kai ba ka zo biki ba, ka zo kashe biki? Shiga ka taka tukuna."

Wa ya isa ya yi musu da Goggo Dudu? Na shiga na taka, da katin aiki a wuya, ina rawa ina duban agogo (an ce na iya, amma ban yarda ba).

Na dawo fututu da ƙura, na jona laftof, na buɗe ta. Waƙar amarya ta ɓarke a lasifikar ɗakin, daidai inda ta tsaya. Dattijon ya cire tabarau yana share hawayen dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma da na sake buga umarnin, kafin su gama dariya duk sabobin sun ɗauki kayansu, ba tare da intanet ba. An amince da cibiyar.

Washegari Madam ta ware kwamfuta guda don rumbu, ta sa aka ɗaure ta da sarƙa a ƙafar tebur. Ba ta yi mini faɗa ba, wannan ya fi yi mini ciwo.

Yau ina aiki a wani gari mai intanet kamar ruwan famfo, amma ina kewar ɗakin nan da ƙarar janaretansa. Duk inda na je nakan gina rumbu, in kuma ba matasa shawara su gina nasu. Sai dai nakan ƙara musu da cewa, su tabbata rumbun ba shi da dangi a Muchalla.