Ilu da Kwamfutar da Ba Ta Gaisuwa

A garinmu Kwarin Gawo akwai wani mutum ana ce masa Ilu. Ba mahaukaci ba ne, kada ma wani ya je ya ce na faɗa. Abu ɗaya ne ke damunsa: duk abin da aka gaya masa haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. A gidan yayarsa Kande yake zaune tun rasuwar iyayensu. Ta taɓa ce masa ya riƙa ba dashen mangwaronta ruwa kowace safiya. Ranar da aka wayi gari ana tsuga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, sai ga Ilu tsaye a tsakar gida, lema a hannu ɗaya, buta a ɗaya, yana ba mangwaro ruwa.

Wansa Sabi'u ne kaɗai ya san yadda ake tafiya da shi. Sabi'u yana da shagon buga takardu a bakin kasuwa, da wata tsohuwar kwamfuta mai ƙaton kai. Can ake buga katin biki da tambayoyin jarrabawar firamare. Da ya ga Turancin Ilu bai taka kara ya karya ba, sai ya koya masa aikin da lissafin wuri: ƙasa hagu, sama uku, dama biyu. Ya kuma kafa masa dokoki. Ya zo shago kafin kowa, ya tashi bayan kowa. Kada ya taɓa kwamfuta da maiƙo a hannu. Kada kuma ta taɓa fita daga shagon sai an kashe ta ta hanyar da ake kashe ta, ba a fizge mata waya ba.

Don kada Ilu ya manta, Sabi'u ya naɗi muryarsa ya sa a cikinta. Da an kunna ta sai ta ce, a hankali, ta wata 'yar lasifika, "Ilu, ka wanke hannu? To, bismillah." Ilu kuma ya amsa, "Na wanke, Yaya." Shekara tara suna haka, Sabi'u ya rasu. Ilu ya ci gaba da buɗe shago, kuma kowace safiya wansa yana tambayarsa ko ya wanke hannu. Ba wanda ya san da wannan, domin lokacin da take magana kasuwa ba kowa. Ita ce kaɗai muryar Sabi'u da ta rage a duniya.

Wata rana Balaraba, 'yar Sabi'u da ke aiki a birni, ta sauka daga mota da sabuwar kwamfuta siririya, wadda ake naɗewa kamar littafi. Ta tarar da tsohuwar a kunne tana gurnani. Ta kwashe takardun da ke cikinta ta zuba a sabuwar, da ta ga kashe ta zai ɗau lokaci, sai ta fizge wayar daga bango. Ilu ya dafe ƙirji. Aka tura tsohuwar ƙarƙashin tebur aka lulluɓe ta da buhu.

"Baffa, wannan tsarinta daban ne da na waccan," in ji Balaraba. "Amma kada ka ji tsoro. Ka yi yadda ka saba. Duk wanda ya shigo ka tambaye shi abin da yake so, shi ke nan."

Washegari Ilu ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya buɗe sabuwar. Ta yi wata 'yar ƙara siririya ta yi shiru. Ya jira. Ya ƙara jira. Ba wanda ya tambaye shi komai. Ya duba ƙasa hagu, babu abin da ya sani a wurin. Jerin da ya saba gani a ƙasa ya koma sama, abin rufewa da ke dama ya koma hagu, kamar ka dawo daga gona ka tarar an juya maka ƙofar ɗaki. Amma an ce ya yi yadda ya saba, sai ya ja linzamin kwamfutar: ƙasa hagu, sama uku, dama biyu. Sai kyamarar kwamfutar ta buɗe, ga fuskarsa ta cika allo, da hularsa a karkace. Da azahar Kande ta aiko a kira shi cin abinci bai zo ba, ta zo da kanta ta tsaya a bakin ƙofa. Ta tarar da shi yana cewa, "Malam, kati ne ko wasiƙa?"

"Ilu, ba kai ba ne wannan?"

"Na san ni ne, Yaya. Amma Balaraba ta ce duk wanda ya shigo in tambaye shi. Tun safe nake tambaya, bai faɗa ba."

Wata rana Balaraba ta bugo waya ta ce, "Baffa, in ta nuna maka rubutu, kada ka danna komai sai ka karanta da kyau ka gane." Ba a yi kwana biyu ba kwamfutar ta fito da wani rubutu na sharuɗɗa, da gurbi a ƙasa inda mutum zai danna ya ce ya yarda. Kowa a duniya dannawa yake ya wuce. Ilu ya ja rubutun ƙasa, ya ga ba ya ƙarewa. Ya je ya ɗauko Malam Hambali hedimasta, wanda da ma ya kawo tambayoyin jarrabawa yana jira. Malam yana fassarawa, Ilu yana cewa a maimaita. Kwana uku suna abu ɗaya. Mai katin suna ya zo ya koma har aka raɗa wa jaririn suna ba kati. A rana ta uku suka kai ƙarshe, Malam Hambali ya share gumi ya ce, "To, danna."

"Ban yarda da sashe na sha bakwai ba," in ji Ilu.

Sai da Malam ya kira Balaraba, ta ce, "Baffa, ka yarda." Ilu ya ce to, ya yarda nan take.

Wata rana da hantsi, gari ya yi luf da hadari, kwamfutar ta rubuta cewa tana sabunta kanta, kada a kashe ta. Malam Hambali ne ya karanta masa ya wuce makaranta. Ilu ya zauna ya zuba mata ido. Garinmu ba wutar lantarki, solar da shagon ke aiki da ita kuma ba ta samun rana, batir ya fara ja baya, ita kuwa ba ta gama ba. Ilu ya ga in ya zauna za ta mutu a hannunsa, alhali an ce kada a kashe ta. Ya aro farantin tallar Kande, ya ɗora ta a buɗe, ya aza a ka, ya riƙe mata lema, ya kama hanyar Tudun Makera inda ake da wutar lantarki. Mutanen da ke dawowa daga gona suna tambayarsa me yake sayarwa, yana ce musu a ba shi hanya. Yana isa bakin garin ta gama abinta ta yi 'yar ƙararta. Ya sauke farantin ya duba, sai ya ga wuraren da ya sha wahala ya haddace a wata guda duk sun sake sauya wuri. A gindin wata bishiya ya zauna. Ya tuna tsohuwar, shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa ɗauke masa abu daga inda ya ajiye ba. Kewar wansa ta taso masa har ya kasa tashi sai da la'asar.

Da ya dawo ya kira Balaraba. Ya ce tsohuwar ba ta yin haka. Ya ce tsohuwar ta san hannunsa. Ya ce tsohuwar, in ka kunna ta da safe... Bai ƙarasa ba ta katse shi, don tana tsakiyar aiki kuma kullum maganar ke nan.

"Baffa, don Allah kada ka ƙara yi mini maganar tsohuwar nan."

"To," in ji Ilu. Ai kuwa bai ƙara ba.

Daga nan kowace safiya sai ya buɗe sabuwar, ya jira ta gama 'yar ƙararta, ya kauda kai gefe ya ce da kansa, "Ilu, ka wanke hannu?" Sannan ya juyo ya amsa. Amma muryar ba ta fita daidai, shi ma ya san ba ta fita daidai.

Wata rana Balaraba ta zo hutu. Suna zaune a tsakar gida da yamma, Kande tana tsince shinkafa, sai hira ta gangaro kan marigayi. Balaraba ta ce, "Gwaggo, kin san abin da ke damuna? Fuskar Baba ina da hotonta. Amma muryarsa ta fara ɓace mini. Saƙonninsa duk suna cikin wayar da aka sace mini bara. Jiya na yi ta ƙoƙarin tuna yadda yake kiran sunana, na kasa."

Ilu yana zaune a kan turmi, taku uku daga inda take. Ya buɗe baki ya rufe. Ya cire hula ya mayar. Gumi ya keto masa. Maganar tana bakinsa, amma maganar tsohuwar ce, kuma an ce kada ya ƙara.

"Ilu, lafiya?" in ji Kande.

"An hana ni," ya ce, ya tashi ya je ya ba mangwaro ruwa, abin da bai taɓa yi da yamma ba.

Wata rana, ana gobe Balaraba za ta koma, mai sayen tsofaffin ƙarafa ya ratso kasuwa da kurarsa. Balaraba ta ce ya shigo ya ɗauke tarkacen da ke ƙarƙashin tebur, a samu wurin miƙe ƙafa. Mutumin ya yaye buhu, ya rungumi tsohuwar zai fita. Sai ya tarar da Ilu ya cika ƙofa, hannuwa a buɗe. Bai dubi Balaraba ba, tunda ita aka hana shi yi wa maganar. Mai ƙarafa ya duba.

"Malam, ajiye ta. Ba a kashe ta ba."

"Wannan? Ai ko waya ba ta jikinta."

"Baffa, wata biyar ke nan tana a kashe," in ji Balaraba.

Ilu ya ci gaba da kallon mai ƙarafa. "Malam, fizge mata waya aka yi. Yaya ya ce ba ta fita daga shagon nan sai an kashe ta yadda ake kashe ta."

"To yanzu yaya za a yi?"

"Sai a kunna ta, a kashe."

Masu shagunan kusa suka taru suna dariya. Wani ya ce yau ga wanda zai ta da mai barci don ya ce masa ya kwanta. Balaraba ta ji kunya, amma ta san in ba a bi Baffa ta hanyarsa ba, a ƙofar nan za a yi magariba. Ta ce a yi masa yadda yake so. Aka ɗora ta a tebur, aka haɗa wayoyi. Ilu ya fita ya wanke hannu, mutane suna ta kallonsa, ya dawo ya danna. Ta yi gurnani, ta yi tari, allon ya daɗe baƙi kafin ya kawo haske.

"Ilu, ka wanke hannu? To, bismillah."

"Na wanke, Yaya."

Dariya ta ɗauke. Balaraba ta nemi kujera ba ta samu ba, ta zauna a kan kwalin takardu. Ilu kuwa aikin da ya kawo shi yake yi. Hannunsa ya tafi ƙasa hagu ba tare da ya duba ba, ya danna inda ake kashewa. Sai muryar ta sake fitowa, don Sabi'u ya naɗi ta rufewa ma.

"Ilu, sannu da aiki. Ka rufe shago da kyau. Balaraba, sauko daga kan teburin nan, uwata, kada ki faɗi. To, Ilu, sai da safe."

A bayan muryar ana jin wata yarinya tana ƙyalƙyala dariya. Sannan allon ya yi baƙi.

Ilu ya juya ga mai ƙarafa. "Yanzu an kashe ta. Ɗauka."

Mutumin bai motsa ba. Ya dubi Balaraba, ya ga hawaye na bin fuskarta, sai ya fita ya tura kurarsa.

"Baffa, ka san da wannan ranar da nake gaya wa Gwaggo? Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ilu ya kauda kai ya hau cire wayoyin kwamfutar.

Sai ta gane ita ce ta hana shi. Ta share fuska ta ce, "Baffa, na janye. Yi mini maganar tsohuwar."

Ya yi mata kuwa, tun daga ranar da Sabi'u ya sauke tsohuwar daga mota har yau, bai tsallake komai ba, ita kuma ba ta katse shi ba. Ta fasa tafiyar gobe. Ta lalubo muryoyin biyu a inda suke ɓoye, can cikin tsarin kwamfutar inda ba ta leƙa ba ranar da ta kwashe takardu. Ta sa su a wayarta, ta sa a ta Gwaggo, ta sa a sabuwar kwamfutar.

Har yau Ilu bai gama sabawa da sabuwar ba. Yakan nemi abu a dama ya same shi a hagu, ya yi tsaki. Amma in ka yi sammako ka bi ta bakin kasuwar Kwarin Gawo kafin kowa ya fito, za ka ga buta a ƙofar shago, ƙasa a jiƙe. In ka ɗan tsaya za ka ji ana tambaya daga ciki, ka ji an amsa.

"Na wanke, Yaya."