Yadda Ake Ɓatar da Suruka da Tsohon Gilashin Kyamara

Kayan da ke kujerar baya, a hanyar zuwa gidan surukai: sabuwar kyamara ɗaya, marar madubi. Tsofaffin gilasan kyamara uku, gadon uba, kowanne a cikin safa. Adafta ɗaya, ba a ko fasa kwalinsa ba. Ƙafar kyamara. Batir biyu. A kujerar gaba, mata ɗaya, ba ta magana.

Mai tuƙin wani ne da na sani. Mu kira shi Dokta, don haka ake kiransa tun da ya dawo daga karatu a waje, ko da yake bai taɓa duba marar lafiya ba. Ba ni ba ne. Ka bi sawunsa daki-daki, ni kuma na yi maka alkawari kafin la'asar kowa a dangin matarka zai san ko kai wane ne.

Mataki na 1: Kori mai hoto

'Ya'yan Mama, surukar Dokta, sun haɗu a falonta su bakwai, karon farko cikin shekara tara. Babbarsu, Anti Babba, za ta tafi filin jirgi da ƙarfe huɗu, ba ranar dawowa. Tun jiya Mama ta sa aka buga ƙusa a bango. Hoto ɗaya take so, da kowa a ciki. Ta ce a kira mai hoton bakin titi, wanda ya saba ɗaukar gidan tun yaran suna rarrafe.

Irin wannan dama kake jira. Ka yi gyaran murya ka ce, "Haba Mama, ina raye a kira mai hoto?" In matarka ta taka maka ƙafa, ka ɗauka ƙarfafa gwiwa ce.

Mataki na 2: Zaɓi kyamarar da ta fi ƙarfinka

A cikin kowace kyamara akwai wani ɗan faranti mai kama haske, ana ce masa sensa. Akwai ƙarama, akwai babba. Sayi mai babbar. Kada ka tambayi dalili. Mutumin da ya sha sanyin ƙasar waje shekara shida ba ya riƙe ƙaramin abu.

Za a yi tambayoyi. Auta, ƙanwar matar Dokta, ta juya kyamarar ta ce, "Yaya Dokta, duk tsadar nan ba su saka mata ko madubi ba? An cuce ka." Amsar ita ce, "Ba za ki gane ba." Riƙe ta da kyau, za ka sake bukatarta.

Mataki na 3: Sayi adafta mafi tsada, kada ka karanta kwali

Tsohon gilashi ba ya zama a bakin sabuwar kyamara sai da adafta a tsakani. Iri biyu ne. Na farko zoben ƙarfe ne kawai, cikinsa wayam, mai araha. Wannan na talakawa ne. Na biyun yana da nasa gilashin a ciki, yana tattara hasken da tsohon gilashi ya kwaso ya matse shi wuri guda, hoto ya ƙara haske. An yi shi ne don kyamara mai ƙaramar sensa, kuma an rubuta haka a jikin kwalin, da manyan baƙaƙe.

Kai taka babba ce. Ba komai. Karatu ka gama shi a can.

Kada kuma ka gwada a gida. Gwaji alamar shakka ce.

Mataki na 4: Jera mutane

Ƙarfe uku da kwata Dokta ya kafa ƙafar kyamara, ya zaro gilashin mahaifinsa daga safa, ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Ya jera dogaye a baya, gajeru a gaba. Ya ce Mama ta dawo tsakiya.

"Ni?" in ji Mama. Tana zaune can gefe a kujerarta mai hannu, kusa da fanka, ƙafa a kan matashi saboda ciwon gwiwa. "Shekara ashirin kujerar nan tana nan. Mai hoto bai taɓa tayar da ni ba."

Dokta ya kara ido a kyamara. Abin da ya gani: da'ira a tsakiya, kamar mai leƙe ta bututu, kewaye da ita baƙi ƙirin. Adaftan ya yi aikinsa, ya matse hoton daidai ƙaramar sensa, ya bar gefunan babbar a duhu. Mutum bakwai sun shiga da'irar. Daga Mama, babban yatsan ƙafarta ne kaɗai ya samu shiga.

Nan za ka so ka ja da baya. Dokta ya ja. Ƙeyarsa ta gaisa da bango. Falon ya ƙare.

Mataki na 5: Ɓata lokaci cikin natsuwa

Tsohon gilashi ba ya saita kansa, da hannu ake murza shi har fuska ta fito. Murza a hankali. Ka ce kowa ya daina numfashi. Anti Babba ta duba agogo ta ce, "Dokta, jirgi fa ba ya jiran fasaha." Murmushin mutane ya fara bushewa a fuska. Direban da zai kai ta ya yi hon a waje.

Danna. Ka ce, "Madalla." Da ƙarfi.

Mataki na 6: Kare aikinka

Dole za su taru a kanka su gani. A hoton Dokta abu ɗaya ne ya fito tas, agogon bango, yana nuna huɗu saura ashirin.

"Ina nake?" in ji Mama.

Auta ta sa yatsa. "Ga ki nan, Mama. Farcenki ya yi kyau."

Kada ka ba da haƙuri. Ka ce salo ne, a can haka manyan masu hoto suke yi, duhun yana jawo ido zuwa abu mai muhimmanci. Dokta ya faɗi haka. Mama ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "To. Ashe agogo ne mai muhimmancin." Sai ta juya ga Auta. "Kira min mai hoto."

Mataki na 7: Tsaya inda aka ajiye ka

Mai hoto ya iso cikin minti biyar da silifas. Ya ɗaga gilashin ya duba shi a hasken taga.

"Na wa ye wannan?"

"Na mahaifina."

"Allah ya jiƙansa, ya san kaya. Wane mugun ne ya ɗaura masa wannan?"

 Mutum bakwai suka kalli wuri ɗaya.

Ya kwance adaftan, ya lalubo zoben ƙarfe a jakarsa, irin na talakawa, ya ɗaura. Falon ya fito gaba ɗaya, har da fanka. Ya ce Dokta ma ya shigo.

"Can gefe," in ji Mama. "Ƙarshe. Inda ka ajiye ni."

Huɗu saura biyar aka ɗauka. Yau hoton yana kan ƙusar. Mama ta fito kamar amarya. Na Dokta akwai kunne ɗaya da rabin kafaɗa, kuma mai hoto ya rantse umarni aka ba shi.

A hanyar gida ka nemo darasi. Dokta ya ce, "Adaftan ba shi da laifi. Kyamarar ce ta yi masa girma. Gobe zan sayo ƙarama."

Gargaɗi: marubucin ba shi da hannu a duk wata suruka da ta ɓace, jirgin da ya tashi, ko ƙeyar da ta kumbura. Mai ƙorafi kada ya zo gidana neman ganin adaftan. Muna isa matata ta jefa shi a kabad, ta rufe ƙofar, ta zare makulli ta ce daga yau ko hoton fasfo ne mai hoto za a kira.