Gwangwanin Fenti

Ni fa ban nemi aikin nan ba. Yayata, mai binciken gubar ƙarfe cikin ruwa da na'urar lantarki, ita ta matsa mani in ɗebo mata ruwan rijiyar ƙauyen Urafane. Ta ba ni kwalaben roba wankakku, na raina su. Wata mai nono ta yi mani murmushi, na kyautar mata da su, na ɗebo a tsohon gwangwanin fenti ina taƙama ya fi cin ruwa.

Na'ura ta nuna gubar dalma, irin wadda ke cikin tsohon fenti. Yaya ta tashi za ta sa a rufe rijiyar mutane, dole na tona kaina. Tun ranar abokaina ke kirana Malam Fenti.

Na ce, "Haba Yaya, ai ruwa ruwa ne."

Ta miƙo mani gwangwanin. "To shanye mu gani."