Kabarin da Nomau Ya Haƙa

Ranar Talata ce. An kwana ana ruwa, gari ya waye hadari bai gama washewa ba. A ranar waya ta shiga gidan Nomau.

Gidan yana bakin Tudun Marke. Ɗaki biyu ne da rumbu, sai akuya, sai matarsa Tabawa. Nomau ba mahaukaci ba ne. Yadda ka faɗa masa magana haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Shi ya sa ba a matsa masa a tabarmar majalisa. Aikensa kawai ake yi.

Yayan Tabawa, Lawwali, tela ne a Gusau. Shi ya ba Nomau tsohuwar wayarsa, ya sa shi a wani zauren hira na waya da 'yan yankin suka buɗe, yawancinsu suna can wajen neman abinci. Wasa suke yi a rubuce. Sun ƙirƙiri wani gari mai suna Tsohon Birni, kowa da matsayinsa, wannan alƙali, wancan falke. Lawwali ne shugaba.

"Ka iya karatu kaɗan, ko?"

"Na yi yaƙi da jahilci, Yaya."

"To doka biyu ce. Rubutu ake yi, ban da murya. Kuma abin da aka rubuta a ciki, ka ɗauka ya faru."

Aka ce ya zaɓi wanda yake so ya zama. Ya wuni yana danna haruffa, ya rubuta, "Ni ne Nomau mijin Tabawa." Aka yi dariya, aka naɗa shi Sarkin Ƙofa. Wanda ya fara gaishe shi Malam Isiyaku ne, tsohon malamin firamare na Gidan Kuka a ƙetaren rafi, shi ne maƙeri a wasan. "Barka da zuwa, Sarkin Ƙofa." Sauran suka biyo baya. Nomau ya karanta gaisuwar har ƙarshe, ya koma farko. Tuwonsa ya huce. Ba a taɓa ba shi wurin zama ba sai ranar.

Wata rana alƙali ya rubuta, "Sarkin Ƙofa, kada kowa ya shigo sai ka ji abin da ke tafe da shi." Nomau ya ɗauki sanda ya zauna a gindin marken bakin gari. Ya tare mai kifi, ya tare masu itace, har liman da ya dawo daga gona.

"Me ke tafe da kai?"

"Gidana za ni, Nomau."

"Sarkin Ƙofa," in ji shi. "Wuce."

Ciyawa ta rufe masa gero. Tabawa ta zo ta tsaya a kansa. "Malam, ƙofar ce za mu tuƙa in rani ya yi?" Ya biyo ta gida.

Wata rana falke ya rubuta cewa gobara ta kama kasuwa, kowa ya kawo ruwa. 'Yan zaure suka yi ta rubuta tulunan da suka kawo. Nomau ya cika bokiti ya nufi kasuwa da gudu. Wutar da ya gani ɗaya ce, ta murhun Delu mai ƙosai. Ya sheƙa mata ruwan. Abin da Delu ta faɗa ba na maimaitawa ba ne. Lawwali ya bugo waya.

"Wasa ne fa, Nomau!"

"Kai ka ce in ɗauka ya faru, Yaya."

Lawwali ya kashe wayar.

Wata rana aka rubuta cewa tsohuwa mai koko ta Tsohon Birni, wadda Garzali direba ke fitowa a matsayinta, ta rasu, kowa ya fito a yi mata sutura. Nomau ya yi salati, ya ɗauki diga da shebur ya tafi maƙabarta. Ya haƙa kabari mai kyau, don aikin ƙarfi ba ya gagararsa. Jama'a suka taru, mai unguwa ya iso.

"Wa ya rasu?"

"Mai koko, ranka ya daɗe."

"Ta gidan wa?"

"Garzali direba ne, wanda ke Fatakwal."

Uwar Garzali tana bayan taro. Ta yanke jiki ta faɗi.

"Garzali ya mutu?" in ji mai unguwa.

"A'a. Shi ne ma ya rubuta."

Ba wanda ya yi dariya. Aka yayyafa wa tsohuwa ruwa, aka bugo wa ɗanta ta ji muryarsa. Mai unguwa ya ce wa Nomau, "Kada ka sake taɓa ramin nan sai na ce." Aka rufe bakin ramin da ƙaya. Mutane suka riƙa kauce wa hanyar, ana cewa kabarin da aka bari a buɗe yana jiran mai shi. Lawwali kuwa ya rubuta a gaban kowa, "Nomau, ka sake aikata abin da aka rubuta, zan cire ka. Magana ta ƙare."

Nomau ya kiyaye. Ana yaƙi a Tsohon Birni, ana biki, shi yana gona. Kullum da safe maƙeri zai gaishe shi, ya amsa.

Wata rana gaisuwar ba ta zo ba. Washegari ma haka. Da hantsi maƙeri ya rubuta, "Maƙeri yana kwance. Ya kasa tashi ya hura wuta. Ba wanda ya leƙo shi." Nan da nan aka taso. Wannan ya rubuta ya kai kunu, wancan ya kira wanzami. Garzali ya yaba, ya ce Malam ya iya wasa.

Nomau ya leƙa madafa. "Tabawa, dama mini kunu."

Ta dube shi. "Yaya zai cire ka."

"Na sani."

"To?"

"An ce yana kwance."

Ta dama. Ya rubuta, "Na tafi kai kunu." Kafin ya kai rafi waya ta yi ƙara, ya duba, an cire shi. Ya tsaya ya karanta sau da dama. Sannan ya ɗaure wayar a hularsa, ya ɗora kwanon a ka, ya shiga ruwa har ƙirji.

Malam Isiyaku shi kaɗai ke zaune a gidansa tun rasuwar matarsa, 'ya'yan suna birni, maƙwabta duk suna gona. Nomau ya yi sallama, shiru. Ya tura ƙyaure. Ya same shi a ƙasa gefen gado, jiki kamar garwashi, leɓe a bushe, randa ba ko ɗigo. Ya tallafo kansa ya ba shi kunu kaɗan kaɗan.

"Malam, me ya hana ka faɗa?"

"Na faɗa," in ji tsohon da kyar. "Kai kaɗai ka ji."

Nomau ya goya shi har bakin titi, aka samu mai babur zuwa asibitin gunduma. Malamin asibiti ya ce da an ƙara wuni guda, da wata maganar ake yi.

Labari ya kai ko'ina. Da la'asar Lawwali ya mayar da Nomau zaure. Can sai wani ya tambayi Garzali yaushe rabonsa da gida, wani ya rubuta cewa zai bugo wa babansa.

Mai unguwa ya zo dubiya. Malam Isiyaku ya buɗe ido ya ga Nomau a tsugune bakin ƙofa.

"Sarkin Ƙofa."

"Na'am."

"Ramin nan naka. Ba yanzu ba."

Nomau ya dubi mai unguwa. Mai unguwa ya ce, "Na ce."

Washegari da safe Nomau ya ɗauki shebur ya tafi maƙabarta. Ya janye ƙayar, ya mayar da ƙasar, ya tattake ta da ƙafa har ta yi daidai da sauran. Sannan ya zauna, ya goge hannu a riga, ya rubuta, "Na cike." Ya wuce gona.