Mutumin da Ke Cikin Kwamfuta

Wani ne a masana'antar tumatirin gwangwani ta garinmu, can gefen Plovdiv, zamanin da ko burodi sai da layi. Aikinsa wanke kwalabe. Da aka kawo wa masana'anta kwamfuta, mijin yayarsa ya yi magana a inda ake jin magana, sai ga mutumin naka a ofis mai labule. Shi kuwa ko rediyo matarsa ce ke kama masa tasha.

Injiniyan da ya haɗa na'urar yana sauri kada jirgin ƙasa ya bar shi. Ya ce, "Ƙarshen wata babban jami'i zai zo daga Sofiya. A gabansa za ka sa ta buga rahoton tumatir. In ta ƙi, ai ka san hanyar ɗakin wanke kwalabe."

"To yaya ake yi?"

"Rubuta TAIMAKO. Duk abin da ka tambaya za a faɗa maka."

Ya suri jakarsa ya yi gaba.

Gogan ya rubuta da yatsa ɗaya. Bai gama ɗaga yatsan ba koren rubutu ya cika allo: ga abin da ake yi, ga yadda ake yi. Can ƙasa kuma an ce, "Wane batu kake so?"

Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa shiga ofis aka amsa masa a tashin farko ba. Babu "dawo gobe", babu "mai hatimin ya fita shan kofi". Ya dubi wayar da ta fita daga bayan na'urar ta shige bango. Lallai akwai wani babba zaune a ɗaya ƙarshen.

Ya rubuta: WANE NE KAI.

"Babu bayani a kan wannan batu."

ME ZAN KAWO MAKA.

"Babu bayani a kan wannan batu. Wane batu kake so?"

Ya ce, "Kai! Wannan tsohon hannu ne."

A gida ya labarta wa matarsa Tsvetanka. Ta dafe ƙirji.

"Ka je wa mutum hannu rabbana? Wa ya raine ka? Mai cire haƙori ma da kwalin cakulan muka je masa, kuma haƙorin da ba shi ba ya cire!"

"Ai bai faɗi abin da yake so ba."

"Babba yana faɗa ne? Mai gyaran famfo ke faɗa!"

Washegari da aka tashi aiki ya ajiye kwalbar jar giyar inabi da ƙullin cuku a kan na'urar, daidai gindin waya. Da safe babu kwalba, babu cuku, sai takardar ƙullin an ninke ta tsaf. Bai Stamen, wato Baba Stamen a yarenmu, tsohon mai gadin da bai taɓa gaida kowa ba, har ƙofa ya buɗe masa yana tambayar lafiyar iyali.

Gogan ya ce a ransa, "Ya karɓa!"

To mu nan ba ma bin shawarar kyauta, mun san abin da ke cikinta. Amma wannan an biya. Sai ya zauna ya karanta bayanin layi-layi, ya yi yadda aka ce. Na'urar bugawa ta yi kururuwa, takarda ta fito. Saura ƙiris ya yi hawaye.

Matsalar ita ce mutumin ciki ba ya ƙoshi. Kowane batu da 'ya'yansa, kowane ɗa da nasa 'ya'yan. Da ya gama amsa ɗaya sai ya ce, "Wane ƙaramin batu kake so?" Gogan kuwa ya san abin da hakan ke nufi. Gasasshen tattasan da Tsvetanka ta tanada don hunturu ya tafi. Zumar surukinsa ta bi baya. Cinyar rago ta bi zuma. Bai Stamen ya ƙara huda a bel ɗinsa.

Ran da jar giya ta ƙare ya kai fara. Da safe ya tarar da kwalbar, an ɗan taɓa an bari. Yini ya yi yana rubuta wa allo ban haƙuri, allo yana cewa babu bayani a kan wannan batu.

Tsvetanka ta ce, "Ya yi fushi. Je ka gidan baba ka tatso ganga."

Ranar ta zo. Babban jami'in, Kwamared Zahariyev, ya shigo da jaka da tabarau, manaja yana binsa da rawar jiki, Bai Stamen yana riƙe da ƙofa. Gogan ya danna nan, ya danna can. Rahoton tumatir ya yi ta zuba har ƙasa.

Zahariyev ya ce, "Madalla! Kujerar nan taka ce. A ina ka yi karatu, kwamared?"

Gogan ya kashe ido ɗaya. "Ina da mutum a ciki."

"Wane mutum?"

"Mai taimakon nan."

Zahariyev ya yi dariya har tabarau ya zame. "Haba kwamared! Babu kowa a ciki. Rubutu ne aka zuba mata tun daga inda aka ƙera ta. Kyauta ne. Ni shekara guda ke nan ina tambayarsa a ma'aikata."

"Shekara guda? Me ka kai masa?"

"Ba komai mana."

"Ko ƙullin kofi?"

"Ko ƙullin kofi."

Gogan ya girgiza kai da tausayi. "To a shekarar nan an yi maka ƙarin girma? Gidan gwamnatin da ka sa suna a layi ya fito? Motar fa?"

Zahariyev ya cire tabarau ya goge. Ya dubi allo, ya dubi wayar da ta shige bango. Sai ya ja gogan gefe, ya rage murya.

"Ja yake sha ko fara?"

Bai Stamen ya amsa daga bakin ƙofa: "Ja. Fara tana sa shi ƙwannafi."