Yadda Aka Daina Cigiya a Dajin Tsamiya

A Dajin Tsamiya komai da mai shi. Zaki ke da sarauta, Kura ke da shingayen hanya, tsuntsaye ke da gidan rediyo da na talabijin. Zomaye kuwa, da yake Allah ya hore musu kunne, aka ba su aikin saurare. Duk abin da tsuntsu ya faɗa a iska akwai zomon da ke zaune a ofis yana rubutawa, ranar Alhamis a kai wa majalisa. Talakawan daji, su barewa da gada da kurege, su ma ba a bar su hannu rabbana ba. An bar musu shirin cigiya. Kullum da hantsi Hazbiya takan buɗe makirufo na rabin sa'a, duk wanda nasa ya ɓata ya zo ya faɗi sunansa da kamanninsa da inda aka yi masa ganin ƙarshe.

Malam Barmo, shugaban zomayen saurare, ya shekara ashirin da ɗaya a bakin aiki, bai taɓa sa kowa ya saurari shirin nan ba. Me za a tsinta a ciki? Ba a zagin Sarki, ba a taɓa majalisa, sai dai kukan tsofaffi. Lokacin ne ma zomaye kan cire abin kunne su fita cin ganyen wake. Shi ya sa da ɗansa Nomau ya fita neman ciyawa aka neme shi sama ko ƙasa aka rasa, matarsa Tabawa ta je gidan rediyo har sau uku, Malam Barmo bai hana ta ba. Tabawa ita kaɗai ta rage masa a duniya, kuma yakan ga ta ɗan sami sauƙi duk ranar da ta je.

Da faɗuwar damina Shamuwa ta dawo daga ƙasashen ƙetare da wani baƙin akwati, aka shigo da shi majalisa a kan dokin wuyan Ɓauna.

"Allah ya ja zamanin Sarki," in ji Shamuwa. "Wannan na'ura tana jin kowace tasha a lokaci guda, ta mayar da magana rubutu. Tana gane murya ko da mai ita ya toshe hanci. Ba ta gyangyaɗi, ba ta fita cin abinci, ba ta da dangi. A ba ta tsofaffin faifai ma, za ta rubuce su tas kafin azahar."

Majalisa ta yi tafi, talakawa suka raɗa wa akwatin suna Kunnen Ƙarfe. Aka sallami zomaye goma sha tara, aka bar Malam Barmo ya riƙa kwashe takardun da take fitarwa.

A mako na biyu ya tarar da wani tari da ya fi sauran tsawo. Shirin cigiya ne na shekara uku, kowane mai magana da sunansa da unguwarsa. Na'urar tana da wata ɗabi'a, takan ja layi a ƙarƙashin maganar da aka fi maimaitawa. Cikin masu cigiya ɗari uku da arba'in, ɗari uku da shida sun ƙare maganarsu da abu ɗaya: an yi masa ganin ƙarshe a bakin shinge. Malam Barmo ya karanta, ya sake karantawa. Kowace uwa ta zo ta faɗi nata ta tafi, tana tsammanin ita kaɗai abin ya samu. Ga Nomau nan har wuri uku, da muryar Tabawa.

Ya isa gida da la'asar kunnuwansa a tsaye, rabon da ta gan shi haka tun kafin ɓatan yaron.

"Tabawa, Allah ya kawo mu. Shaida ce a rubuce. Ranar Alhamis zan ajiye ta gaban Sarki."

Ta ajiye kaskon da ke hannunta. "Malam, kana nufin Sarki bai sani ba?"

"Ina zai sani? Mu ne kunnensa, mu kuwa ba mu taɓa kai masa ba. Laifina ne."

"To in ya sani fa?"

"Haba, Tabawa. Shekara ashirin ina shiga majalisar nan. In ba ya son ji, me ya sa yake ciyar da masu saurare?"

Ta ɗauki kaskonta ta koma bakin murhu. Kaico, Malam Barmo. Wanda ya ƙare rayuwarsa yana kai wa manya magana, da wuya ya yarda cewa ba don su gyara suke karɓa ba.

Ranar Alhamis majalisa ta cika a gindin babbar tsamiya, ana watsa zaman kai tsaye kamar yadda aka saba. Malam Barmo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya miƙe da takardu a ƙirjinsa.

"Ranka ya daɗe, ban zo da ƙarar kowa ba. Na zo da abin da na'urar Sarki ta ji. Talakawan Sarki ɗari uku da shida sun ɓata a wuri ɗaya, kuma wurin yana da masu gadi. Ina roƙon a bincika, ko Allah zai sa a sami masu sauran numfashi."

Ungulu, magatakardan majalisa, ya ɗaga alƙalami ya tsaya. Zaki bai buɗe ido ba. Sai Kura, Magajiyar Shinge, ta taso a hankali, ta karɓi takardun, ta shiga buɗawa tana gyaɗa kai, har da ɗan murmushi.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "a yau na yarda an kawo mana abin arziki. Ina jinjina wa Malam Barmo, don ya gano abin da ni da yarana muka kasa gani. Ku duba. Dabbobi ɗari uku da shida, ba unguwarsu ɗaya ba, ba jinsinsu ɗaya ba, amma duk suka tashi suka je rediyo suka ambaci shingen Sarki da kalma iri ɗaya. Wa ya haɗa bakinsu? Wa ya koya musu? Da can muna cewa kuka suke yi, ashe taro suke yi, ɗaya bayan ɗaya, da rana tsaka, a gidan rediyon Sarki. Wanda ya ce nasa ya ɓata a bakin shinge, ai ya ce shinge ya ci shi. Wanda ya zargi shinge kuwa, majalisa ta san wa ya zarga."

"Gaskiya ne," in ji Ungulu, ya duƙa yana rubutu.

"Ba na neman a hukunta kowa," Kura ta ci gaba. "Tunda suna son sanin inda 'yan uwansu suke, a gayyato su shinge, mu nuna musu."

A nan ne Zaki ya buɗe ido. Ya yanke cewa daga ranar an rufe shirin cigiya, tunda ya zama kafar fitina. Ya kuma umarci a karanta sunayen waɗanda aka gayyata nan take, daji duka yana ji. Da yake Malam Barmo ne ya yi wahalar aikin, shi aka bai wa girmamawar karantawa.

Aka tura makirufo gabansa. Ya fara. Barewa ta unguwar Fadama. Kurege na gindin Kuka. Duk sunan da ya kira sai ya ga wata kura ta sulale daga bayan taro ta nufi hanya. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, don ya san abin da ke shafi na huɗu. Da ya iso wurin ya yi tari, ya haɗiye miyau, ya tsallake layi ɗaya ya wuce. Ba wanda ya motsa. Ya kai ƙarshe, ya naɗe takarda, a ransa yana cewa ko ba komai ya tsirar da mutum ɗaya.

Sai akwatin da ke gefen Ungulu ya yi ƙara, ya turo 'yar takarda. Zaman majalisa ma shiri ne da ake watsawa, kuma Kunnen Ƙarfe ba ya zaɓen abin da zai saurara. Ungulu ya karanta: an ba da suna ɗari uku da shida, an ji ɗari uku da biyar.

Kura ta matso kusa da shi, har yana jin ɗumin numfashinta a kunne. "Malam, tsufa ne, kowa ma zai iya. Shafi na huɗu, layi na tara. Mu ji."

Ya dubi Zaki. Zaki ya riga ya mayar da idonsa ya rufe. Ya dubi taro, kowa ya sunkuyar da kai. Ya san a daidai lokacin Tabawa tana tsakar gida da rediyo a gefenta, don ta ce masa za ta saurara. Ya so ya yi ihu ya ce ta gudu. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne sunanta, da unguwarsu, a fili yadda na'ura za ta ji.

Da ya koma gida ya tarar da ƙofa a buɗe, tukunya a kan murhu ta ƙone, rediyo yana ta kiɗan taushi. Ya zaga maƙwabta. Kowa ya ce bai ga komai ba, kuma kafin su faɗa sai sun waiga.

Alhamis ta zagayo, Malam Barmo ya shiga majalisa da takarda ɗaya tal. Ya karanta cewa a makon nan, a duk tashoshin rediyo da talabijin, ba a ji an ce wani ya ɓata ba. Ungulu ya ce tun kafuwar daji ba a taɓa samun mako irin wannan ba. Aka yi tafi mai tsawo. Zaki ya ji daɗi ƙwarai, har ya sa aka matso da tsohon zomon gabansa, abin da bai taɓa yi ba, aka kawo makirufo tsakaninsu don talakawa su shaida.

"Barmo, mun yaba," in ji Sarki. "Yaya gida? Yaya mai ɗakin naka?"

Malam Barmo ya dubi baƙin akwatin, ya ga 'yar fitilarsa a kunne.

"Tana lafiya, ranka ya daɗe," ya ce. "Tana gaishe da Sarki."